Yadda ake zaɓen jins: tsayin ƙugu, saiz da ƙirar jiki

Yawancin mutane in za su sayi wandon jins abu ɗaya suke dubawa, lambar da ke jikin lebul, 30 ce ko 32 ko 36, in dai ta yi daidai da wadda aka saba shikenan an biya kuɗi an tafi. Sai an saka a ga ƙugu ya yi amma cinya ta ƙi shiga, ko cinya ta shiga amma bayan wandon ya buɗe baki kamar zai haɗiye riga, ko kuma a tsaye komai lafiya lau, ana zama botin ya nutse cikin ciki numfashi ya gagara. Ba jikinku ne da matsala ba 'yan uwa. Akwai wani awo da ya fi wannan lambar muhimmanci kuma da yawa ba a rubuta shi a lebul, shi ne tsayin ƙugun wandon ko zurfinsa, wato daga hantsa inda ɗinkin ƙafafu biyu suka haɗu zuwa can saman inda botin yake. Shi ke yanke hukuncin a ina wandon zai zauna a jiki, kuma shi ne abu ɗaya da tela ba zai iya ƙara muku ba komai ƙwarewarsa.

Kashi uku ake raba shi. Akwai lo-wes mai zama ƙasa da cibiya sosai, wajen ƙashin kwankwaso, a na mata gabansa yakan kai inci 7 zuwa 8. Akwai na tsakiya mai tsayawa ɗan ƙasa kaɗan da cibiya, kusan inci 8 da rabi zuwa 9 da rabi. Sai hai-wes mai kaiwa cibiya ko ya wuce ta, daga inci 10 zuwa sama, wasu har 12. Na maza a ƙara kusan inci ɗaya zuwa biyu a kan kowanne saboda yankan gaban ya fi zurfi. Amma fa kar a riƙe lambobin nan kamar karatun allo, kowane kamfani da inda yake ja layinsa, kuma ko a wando iri ɗaya saiz babba ya fi ƙarami zurfi. Abin da wani kamfani ya kira hai-wes a wajen wani na tsakiya ne.

Asali ma jins mai tsayin ƙugu ne. Lokacin da Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi rajistar wando mai ƙusoshin tagulla a bakin aljihu a 1873 a Amurka, kayan aikin ƙarfi ne na masu haƙar ma'adinai da leburori, mutumin da zai wuni yana sunkuyo ai ba zai so wando mai zamewa ba. Na mata sai 1934 kamfanin Levi Strauss ɗin ya fitar, shi ma can saman cibiya yake. Lo-wes ɗin nan da ya cika kasuwa ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 yayi ne kawai, ya tafi, yanzu kuma ga shi yana leƙowa. Na faɗi wannan ne don kar wani ya ɗauka dole sai ya bi abin da ake yayi, yayi zagayawa yake, ƙashin jikinka kuwa yana nan inda yake.

Fara da awo, ba da kasuwa ba

A samu tef ɗin tela mai laushi. A tsaya da kaya marasa kauri, kar a tsuke ciki, don ba a tsuke za ki wuni cikin wandon ba. Ƙugu na gaskiya shi ne inda jiki ke lanƙwasa in kin karkata gefe, yawanci ɗan sama da cibiya, a auna nan. Sai a sauko a auna inda mazaunai suka fi faɗi ƙafafu a haɗe, tef ɗin ya zagaya a miƙe kar ya karkace ta baya, in da madubi a duba. Sai cinya ɗaya daga can samanta. Sai tsawon ƙafa ta ciki, daga hantsa zuwa idon sawu ko zuwa inda ake so wandon ya tsaya, wannan ya fi sauƙi in wani ya taimaka don kana sunkuyawa awon ya lalace.

Yanzu a cire awon ƙugu daga awon mazaunai, a riƙe abin da ya rage a kai, za mu dawo kansa. Masu amfani da santimita, inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Akwai kuma awon da masu ɗinki ke yi wanda ni a ganina ya fi komai amfani a maganar nan. Ki zauna a kan kujera mai tauri, ba kushin ba, ki miƙe bayanki, ki auna ta gefe daga ƙugu zuwa saman kujerar. Wannan shi ne zurfin jikinki. Mutum biyu za su iya zama tsayinsu ɗaya cif amma ɗaya gangar jikinta doguwa ƙafa gajere, ɗaya kuma akasin haka, toh wando mai inci 10 a jikin ta farko ko cibiya ba zai kai ba, a jikin ta biyu kuwa sai ya kusa taɓa haƙarƙari. Shi ya sa ki ga ƙawarki ta saka wani ya yi mata cas, ke kin sayi irinsa sak amma kamar ba shi ba.

In duk wannan ya yi yawa ga hanya mai sauƙi. A ɗauko tsohon jins ɗin da ya fi kowanne daɗin sawa, a rufe botin da zif, a shimfiɗa shi a ƙasa. A auna faɗin ƙugun daga gefe zuwa gefe a ninka biyu. A auna daga hantsa zuwa saman gaba, sannan daga hantsa zuwa saman baya, a auna faɗin cinya da tsawon ƙafa. A rubuta a waya. Duk inda za a sayi sabo, musamman ta intanet, da waɗannan lambobin za a gwada, ba da na lebul ba. Dabarar nan ta zagaya ƙugun wando a wuya wai in ya haɗu zai shiga, wani lokacin tana dacewa, amma ba ta san girman cinyarka ba kuma ba ta san tumbi ba, kar ka dogara da ita.

Lambar lebul tana ƙarya

In ka ga W32 L30, na farko ƙugu ne na biyu tsawon ƙafa ta ciki, duka a inci. A takarda kenan. In ka ɗora tef sau da yawa za ka ga W32 ɗin ya kai 33 ko 34, saboda kamfanoni sun gane mutum yana jin daɗi in ya shiga ƙaramar lamba, sai suka dinga ƙara yadi suna barin lambar yadda take. Wani dalilin kuma na gaskiya ne, wando mai zama ƙasa dole bakinsa ya fi faɗi tunda inda yake zama ya fi ƙugu kauri. Don haka mutum ɗaya zai iya saka 30 a hai-wes ya koma 32 a wani yankan, ba ƙiba ya yi cikin dare ba.

Na mata ya fi rikici. Wasu da inci suke rubutawa, 26, 28, 30, wasu da lambar riga, kuma kowace ƙasa da tata, abin da Amurka ke kira 8 shi ne kusan 12 a Ingila, 40 a Faransa, 44 a Italiya. Amurka ta taɓa fitar da ma'aunin saiz na mata a hukumance a 1958, aka janye shi gaba ɗaya a 1983, tun daga nan kowa gaban kansa yake yi. Kayan da aka yanka don kasuwar China ko Japan kuma XL ɗinsu yakan fi na Turai ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ki nemi jadawalin awo na wannan kamfanin, in babu ki ce mai sayarwa ya ɗora tef ya turo hoto.

Wanne ya dace da wa

Bari mu fara da masu ƙirar kalangu da kuma waɗanda ƙasansu ya fi samansu cika, don su suka fi kowa shan wahalar jins. Ku tuna lissafin da muka yi ɗazu. In tsakanin ƙugu da mazaunai ya kai inci 10 ko fiye, musamman in ya kai 12 ko 13, wandon da aka yanka a miƙe ba zai taɓa yi miki daidai a wuri biyu lokaci ɗaya ba, in ya yi a ƙugu ba zai wuce cinya ba, in ya wuce cinya zai bar rami a baya. Hai-wes ne naki, ko aƙalla na tsakiya mai ɗan tsayi, saboda yana kama inda jiki ya fi siranta sai ya samu abin riƙewa. Ki juya wandon ki duba bayansa, dole bayan ya fi gaban tsawo sosai don shi zai zagaye mazaunai, in kin ga gaba da baya kusan tsayi ɗaya ajiye shi, kina zama zai zazzago. Ki duba maɗaurin ƙugun kansa, wanda aka yanka a ɗan lanƙwashe yana kwanciya a baya, wanda yake miƙe kamar rula shi ne mai buɗe baki. Kamfanoni da yawa yanzu suna da yanka na musamman na masu irin wannan jiki, sun ƙara wajen inci biyu a mazaunai da cinya ƙugu kuma yana nan yadda yake, in kin samu irinsa kin huta. In ba ki samu ba ki sayi wanda ya yi wa mazaunai da cinya daidai ki kai wa tela ya rage ƙugun ta ɗinkin tsakiyar baya. Inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba matsala, in ya wuce biyu aljihunan baya za su matso juna wandon ya yi wani iri. Lo-wes kuwa gaskiya ba na ba ki shawara, yana yanka jiki daidai inda ya fi faɗi kuma kullum hannunki yana baya kina ja.

Wadda cikarta a ciki take, ƙafafu sirara mazaunai ba yawa, ita kuma matsalarta akasin wancan ce, in ƙugu ya yi sai wandon ya yi yawa a cinya da baya. Mutane suna saurin cewa ta sayi hai-wes ya ɓoye tumbi, toh ya danganta. Abin dubawa shi ne kar botin ya sauka daidai kan inda cikin ya fi turowa, nan ne yake raba ciki biyu, sama ya zubo ƙasa ya kumburo. Ko dai ya hau sama ya rufe duka, ko ya tsaya a tsakiya da yadi mai ɗan roba da maɗauri mai faɗi. In gangar jikin gajera ce hai-wes mai inci 11 zai naɗe ya dawo ƙasa da zarar an zauna, na tsakiya ya fi. A nan ana sayen wanda ya yi wa ciki daidai ne, sai tela ya tsuke cinya da ƙafa. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta kula kar bakin wandon ko ƙarshen zif ya dinga gogar wurin ɗinkin, mai hawa sama mai laushi ya fi mata kwanciyar hankali.

Mai miƙaƙƙen jiki, wadda ƙugu da mazaunai ba su da wani bambanci sosai, ke kam kin more, kusan kowanne zai zauna. Na tsakiya da lo-wes ba sa ba ki matsala. Hai-wes mai tauri wanda aka tsuke ƙugunsa sosai ne kawai zai iya matse ki a sama ya bar iska a gefe. Mai faɗin kafaɗa da ƙananan mazaunai ta nemi mai buɗaɗɗiyar ƙafa ko miƙaƙƙe don ƙasa ya yi nauyi daidai da sama, fensir yana ƙara nuna faɗin kafaɗar.

Gajeru, hai-wes yana sa ƙafa ta yi tsawo a ido, wannan gaskiya ne, amma a koma kan awon kujerar nan kafin a ruga. Kuma yanke ƙafar dogon wando ba shi ne maganin komai ba, saboda inda aka tsara gwiwa za ta zauna da inda aka koɗe launin cinya duk za su sauko ƙasa da inda ya kamata, in mai buɗewa ne ta ƙasa kuma tela zai yanke buɗewar ya zubar. Akwai yankan gajeru da ake yi wa waɗanda tsayinsu bai wuce ƙafa 5 da inci 4 ba, an rage zurfin da gwiwar duka, shi za a nema. Dogaye su nemi L34 ko 36, kuma su sani wanda aka rubuta hai-wes a jikinsu na tsakiya zai zama.

Maza ku matso

Matsalar da na fi gani ita ce mai tumbi ya sayi lo-wes ya ɗaure bel a ƙarƙashin cikin, gaba ya yi ƙasa, hantsa ta sauko tsakiyar cinya, baya kuma yana sunkuyawa a ga abin da bai kamata ba. Yana yin haka ne don ya ci gaba da saka 34 ɗin da ya saba tun yana saurayi. Malam ka ƙara saiz ka nemi mai zurfin inci 11 zuwa 12 wanda zai zauna kusa da cibiya, riga za ta fi kwanciya, ƙafa za ta fi tsawo, kuma ba sai ka shaƙe kanka da bel ba. Babu mai ganin lambar sai kai.

Masu manyan cinyoyi, 'yan ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe, dokarku ɗaya da ta mata masu ƙirar kalangu, a saya don cinya a rage ƙugu, ko a nemi yankan da ya buɗe a cinya ya tsuke daga gwiwa zuwa ƙasa. In ka tsunkuli yadin a cinya ka kasa kamo ko inci ɗaya, ya matse, kuma tsakanin cinyoyin ne zai fara yagewa. Siriri marar mazaunai kuma ya guji mai zurfin baya da yawa don yadi zai taru a ƙasa kamar buhu, na tsakiya mai ɗan tsukewa ya ishe shi.

Yadin ma yana canza saiz

A leƙa ƙaramin lebul na ciki. In auduga ce zalla ɗari bisa ɗari wandon zai zo da tauri, bayan an saka na wasu kwanaki ya saki kamar rabin inci zuwa inci ɗaya a ƙugu ya ɗauki siffar jiki, don haka in ya ɗan kama kaɗan ranar farko ba laifi, in dai botin yana rufuwa ba da kokawa ba. In akwai roba a ciki, ita ce ake rubutawa ilastan ko Lycra, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya isa ya ba da sauƙin zama ba tare da wandon ya rasa siffarsa ba. Daga kashi 3 zuwa sama ya zama mai talewa sosai, da safe ɗamamme da yamma gwiwa ta yi jaka, irin wannan gara a ɗauki wanda ya kama jiki sosai tun farko. Kuma robar tana yaudara, wando ya shiga ba yana nufin saiz ɗinki ba ne.

Yawancin jins an riga an sa yadinsu ya tsuke tun a masana'anta, abin da zai rage bayan wanki kaɗan ne. Amma akwai ɗanyen yadi wanda ba a yi masa haka ba, kamar wani nau'in Levi's 501 da ake sayarwa da sharaɗin sai an jiƙa shi, wannan yana iya raguwa har kusan kashi 10 cikin ɗari, dole a ƙara inci ɗaya ko biyu a ƙugu, a tsawo ma fiye. Ko wane iri ne dai kar a kai wa tela yankan ƙafa sai an wanke sau ɗaya, kuma a je da takalmin da za a dinga sawa da shi.

Wajen gwadawa kar a tsaya gaban madubi kawai ana juyi. A zauna, a tsuguna, a ɗaga ƙafa kamar za a hau mataki. Yatsu biyu su iya shiga bayan ƙugu, in hannu duka ya shige ya yi yawa. In layuka sun fito daga hantsa suna tafiya gefe kamar an ja yadin da ƙarfi, ko bakin aljihun gaba ya buɗe farin yadin cikinsa ya leƙo, mazaunai ne suka matse ko zurfin ya yi kaɗan. In yadi ya taru a gaba ƙasan zif zurfin ya yi yawa. In ana jin ɗinkin tsakiya yana shiga jiki a cire shi kawai, ba zai saki ba, wurin ba ya saki. A duba aljihun baya ma, ƙanana masu nisa da juna suna ƙara faɗi, waɗanda suka sauka ƙasa har kan cinya suna sa baya ya zama kamar ya zube, wanda ya zauna a tsakiya ya fi yi wa kusan kowa kyau.

Kuma dan Allah in wando yana sa gefen cinya ta waje ya dinga yin sanyi ko zafi-zafi ko ya mutu kamar ba naka ba, ba kwalliya ba ce, akwai jijiyar da ta bi ta wajen ƙashin kwankwaso zuwa fatar cinya, matsattsen lo-wes da bel mai tauri suna danne ta. A sassauta, in kwana biyu bai daina ba a ga likita.

Wanki da ruwan sanyi, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa. Zafin injin busarwa da dutsen guga mai zafi sosai suna kashe robar, kuma in ta mutu ƙugun da aka sha wahalar nema zai saki, ba ya komawa.